Ratse Zuwa Wurin Ladi Kwali

Kowace shekara, in an gama girbi hanya ta bushe, makarantu da yawa na ƙasarmu ta kudancin Kaduna su kan tara kuɗi, su yi shatar mota, su kai yara yawon buɗe ido Abuja. Su kan hangi Majalisar Tarayya daga nesa, su ga Babban Masallaci da Babbar Majami'a, a sha lemo, a ɗauki hoto, a komo gida kowa ya gaji tilis. In ka tambayi yaro washegari abin da ya gano, sai ya ce maka gidajen can dogaye ne, motoci kuma ba su ƙirguwa. Gaskiyarsa, abin da aka nuna masa ke nan. Amma uban da ya sayar da cittarsa ko masararsa don ya biya kuɗin motar nan ya cancanci a komo masa da ɗansa da abin da ya fi haka.

Ku ɗaliban wannan kwaleji, ba da daɗewa ba za ku fita ku riƙe aji, wata rana kuwa hedimasta zai kira ɗayanku ya ce, “Malam, kai za ka shirya tafiyar bana.” Domin wannan rana na ke rubuta darasin nan. Shawarata ita ce a cikin tafiyar Abuja a yi ratse, watau a bar birni na yini guda, a je a ga inda wata gwanar ginin tukwane ta zauna ta yi aikinta. Sunanta Ladi Kwali. Wanda bai san ta ba ya zaro takardar naira ashirin daga aljihu ya juya bayanta, zai gan ta a bakin aiki, ga sunanta a rubuce. Tun 2007 hotonta ya ke a wurin.

A ƙasashen Turai al'ada ce, in wani gwanin zane ko na sassaƙa ya mutu, a bar gidansa yadda ya bar shi, mutane su riƙa zuwa gani. A Faransa akwai wani ƙauye, Giverny, inda mai zane Claude Monet ya zauna daga 1883 har mutuwarsa a 1926. An buɗe gidan ga baƙi a 1980, waɗanda suka zo Faris kuwa su kan ware yini guda su fita ƙauyen, su ga lambun da ya shuka da tafkin da ya yi ta zanawa. A Ingila ma, a garin St Ives na bakin teku, wurin ginin tukwane da Bernard Leach ya kafa a 1920 yana nan, an gyara shi an sake buɗewa a 2008, wani sashe gidan kayan tarihi, wani sashe wurin aiki. Kayan da gwani ya gama ana iya ganinsu a birni cikin akwatin gilashi. Abin da ke kai mutane ƙauye shi ne su ga ƙasar da ya taka, da kayan aikinsa, da abin da idonsa ke gani in ya ɗaga kai. Mu a nan Arewa ba mu saba mai da gidan gwani wurin kallo ba, amma abin da ya fi kusa da haka shi ne gidan tukwane na Suleja, inda Ladi ta yi aiki wajen shekara talatin, da ƙauyukan Gwari inda har yau mata ke gini irin nata.

Malami ba ya kai yara wurin da shi kansa bai san labarinsa ba. To, ga labarin a taƙaice. An haifi Ladi wajen 1925 a Kwali, garin da yanzu ya ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya, bisa hanyar Lokoja in an wuce Gwagwalada. Tun tana yarinya ta koyi gini wurin wata babbar mace cikin danginta, kamar yadda 'yan matan garin ke koya. Tuluna da randunanta suka yi suna, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ajiye waɗansu a gidansa. Shi Sarkin nan ɗan'uwanku ne a sana'a, gama a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya kuma koyar a makaranta kafin ya hau gadon sarauta a 1944. A gidansa ne wani Bature mai suna Michael Cardew, almajirin Leach ɗin nan da na ambata, ya ga tukwanen a 1950, sa'ad da Gwamnati ta ɗauke shi aikin duba sana'ar tukwane yana zaga ƙasa.

Cardew ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyon ginin tukwane, domin akwai yumɓu mai kyau, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. An buɗe ta a 1952. Nufin Gwamnati shi ne a koya wa samari yin kwanonin tangaran da kofuna da butocin shayi a gida, a rage sayen na ƙasashen waje. Maza aka fara ɗauka. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko, daga baya waɗansu suka biyo sawunta, kamar su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. An nuna aikin makarantar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, tukwanen Ladi kuwa su suka fi jan ido. Ita kanta ta je Ingila a 1962, ta je Amurka a 1972, tana gina randa a gaban jama'a suna kallo. Cardew ya bar aiki a 1965, ita ta ci gaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, macen da ba ta taɓa zama a benci irin naku ba. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Wurin da ta yi aiki yanzu sunanta ya ke amsawa.

A nan akwai tarko, mai shirya tafiya ya yi hattara. Abujan da Cardew ya sani ba ita ce Abujan Majalisa ba. Tsohuwar Abuja garin Hausawan Zazzau ne waɗanda suka bar Zariya zamanin jihadi, Sarki Abu Ja ya kafa ta a 1828. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai tsohon garin ya bar wa sabon sunansa, shi kuma aka raɗa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Saboda haka duk inda kuka karanta “tukwanen Abuja” a tsohon littafi, Suleja a ke nufi, cikin Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma. In ka ce wa direba ya kai ku gidan tukwane na Abuja, sai ya yi ta yawo da ku cikin birni har man motarsa ya ƙare.

Yanzu sai mu zo ga abin da yara za su duba, wanda shi ne gindin maganar duka. In malami bai tsai da wannan ba tun a gida, ratsen zai zama kamar yawon birnin, sai dai maimakon dogayen gidaje a ce an ga tukwane.

Ginin matan Gwari ba shi da keke. Maginiya ta kan ɗora curin yumɓu bisa wani ɗan mazauni, ta nutsa hannu a tsakiya ta yi rami, ta riƙa jawo yumɓun sama daga ciki. Tukunyar tana tsaye wuri ɗaya, ita maginiyar ce ke kewaya ta, tana tafe a sunkuye. In yumɓun ya kāsa, sai ta mulmula wani kamar igiya ta ɗora a baki, ta murje shi da yatsu har ya haɗe, ta sake ɗora wani. Da sakaina ta ke kankare ciki, da ɗan tsumma mai laima ta ke gyara baki. Ba ma'auni, ba zare, amma in ta gama sai ka ga cikin randar ya kewaye daidai wa daida. Kafin ta bushe sarai sai a yi mata ado: a murza ɗan tufkakken zare ko ɗan itace mai tsaga-tsaga bisa jikinta ya bar sawu, sa'an nan a zana da bakin wuƙa. Ladi ta shahara da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, kowanne cikin ɗan filinsa, an raba su da layuka daga wuya zuwa gindi. In tukwane sun bushe sai a jera su a matoya a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. A wurare da yawa a kan yayyafa musu ruwan makuba suna da zafi, ya ba su launi, ya kuma ƙara musu ƙarfi.

A makarantar Cardew Ladi ta koyi keken gini, wanda a ke juyawa da ƙafa, ta yi kwanoni da kofuna da shi. Amma manyan randunanta ba ta daina gina su da hannu ba, yadda aka koya mata a Kwali. Abin da ya sāke shi ne yumɓun da wutar. An ba ta yumɓun da ke jure zafi mai tsanani. Zanen da ta yi a kan cike shi da farar ƙasa don ya fito, a shafe randar da wani haɗi mai narkewa a wuta ya zama kamar gilashi, sa'an nan a toya ta cikin tanderun bulo. Wutar fili zafinta ya kan tsaya tsakanin digiri 600 da 900 bisa ma'aunin Santigired. Ta tanderun nan ta kan wuce 1,200.

To, me randar ta samu, me kuma ta rasa? Ta samu ƙyalli da ƙarfi, ta zama abin da zai shekara ɗari bai lalace ba, ta samu kuɗi da suna a Landan. Amma ta yi nauyi ƙwarai, ba ta ɗaukuwa zuwa rafi. Babban abu kuma, ta daina sanyaya ruwa. Randar gida jikinta cike ya ke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. In an toshe ƙofofin da gilashi, shi ke nan, ruwa zai zauna da ɗuminsa. Haka kuma tukunyar da aka toya a fili ta kan zauna bisa murhu harshen wuta na lasarta ba ta fashe ba, ta tangaran kuwa in ka ɗora ta bisa duwatsu uku sai ta tsage. Ashe randar da ta kai Ladi Ingila siffar randa gare ta, amma aikin randa ya fi ƙarfinta, ta zama abin kallo. Kayan makarantar ma da aka yi don mutanen ƙasa, Turawa da manyan ma'aikata suka fi sayensu.

Ni a ganina kada malami ya yanke wa yara hukunci cikin wannan. Kada ya ce musu Bature ya zo ya gyara aikin Gwari, kada kuma ya ce ya ɓata shi. Ya ajiye musu randa biyu, ta gida da mai ƙyalli, ya tambaye su wadda za su saya wa uwarsu, da wadda za su kai wa Gwamna kyauta, da dalili. Na fi son gardamar da za ta tashi a nan da shafi goma na rubutun allo. Cikinta akwai kimiyya, akwai tarihi, akwai labarin ƙasa, akwai kuma abin da ba shi cikin manhaja, watau yaro ya gane cewa randar da ke bayan ɗakin uwarsa aikin ilmi ce.

Don haka shirin ba a tashar mota ya ke farawa ba. Mako uku ko huɗu kafin tafiya, malami ya nemi maginiya a nan kusa. In bai san ko ɗaya ba, ya je wurin masu sai da tukwane a kasuwar Zonkwa ko ta Kafanchan ya tambayi inda a ke kawo musu, ko ya tambayi yaran ajinsa, ya yiwu kakar ɗayansu ce. Ya je da kansa ya gaishe ta, ya ce, “Mama, yaranki na ke so su zo su ga hannunki.” A kai yara su ga inda ta ke haƙo yumɓu, da abin da ta ke gauraya shi da shi, da yadda ta ke fara gindi. Kowane yaro ya gwada gina ɗan kasko. Wanda ya ga bakin kaskonsa ya karkace ya rushe a hannunsa, shi ne zai san abin da ya ke kallo ran da ya ga mace ta ta da randa mai kai masa ƙugu. Yaron da bai taɓa yumɓu ba zai duba sau ɗaya ya juya yana neman mai sai da rake.

Lokacin tafiya rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Ginin tukwane sana'ar rani ce, domin da damina yumɓu ba ya bushewa da wuri, ciyawar toyi a jiƙe ta ke, matan kuma suna gona. Kowane wuri da lokacinsa, gidan Monet ma a rufe ya ke da hunturun Turai. Ku guji Jumma'a da Lahadi, tun da ajinku ba zai rasa Musulmi da Kirista ba, mutanen da za ku je wurinsu ma haka. Ku tambayi ranar kasuwar garin. Ran kasuwa za ku ga tukwane tuli, amma magina suna wurin ciniki, ba mai zama ya yi muku gini. In hannu ku ke so ku gani, ku je kwana biyu ko uku kafin kasuwa. In Allah ya ba ku sa'a ku dace da ranar toyi.

Daga Fadan Kaje hanya ta kan bi ta Kafanchan zuwa Kwoi. Daga Kwoi ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara Keffi ta shiga Abuja ta gabas, ta Mararaba da Nyanya, inda cunkoson motoci kan cinye wa mutum safiyarsa. Ɗayar ta bi ta Kagarko da Jere, daga nan ko a nufi Bwari, ko a faɗa babbar hanyar Kaduna a gangara Suleja. A taswira ta biyun ta fi dacewa da ratsenmu, amma taswira ba ta san halin da hanya ke ciki a makon tafiya ba. A shekarun baya an sha fama da 'yan fashi da masu satar mutane a waɗansu hanyoyin yankin nan. Saboda haka a tambayi direbobin tasha da 'yan sanda ana jibi za a tashi, a bi wadda suka ce, in sun ce a dakata a dakata. Ba a tafiyar dare da 'ya'yan mutane, ko da za a rasa rabin abin da aka shirya gani. Motar makaranta ba ta gudu kamar tasi, yara kuma sai an tsaya musu a hanya, don haka kada a yi lissafin zuwa da komowa rana ɗaya. A nemi wata makaranta a can tun da wuri a roƙi ɗakin kwana.

In kun iso Kwoi wani cikinku zai ce, “Ga Nok nan kusa, mu leƙa mana.” Kada ku yarda. Ba don Nok ba ta isa a gani ba, sai don ta fi ƙarfin leƙe. A ƙasar Nok ne masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kai da aka samu wajen Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa don korar ɓarna, shi kuwa ya lura ya yi kama da na Nok. Masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara tono a yankin a 2005 sun nuna mutanen nan sun zauna a ƙasar tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan darasi ne mai zaman kansa, kuma daga nan ana iya zuwa a komo rana ɗaya. A ba shi ranarsa a wani zangon karatu. Abu biyu kaɗai zan ce. Kada ku gaya wa yara Ladi jikar mutanen Nok ce, gama tsakaninsu akwai shekaru wajen dubu biyu, abin da za a iya cewa shi ne su ma da hannu suka yi gini, ba da keke ba. In kuma wani ya tare ku da kan yumɓu a buhu yana neman mai saye, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana wannan ciniki. Malami ya ƙi, yara kuma su ga ya ƙi.

Wasiƙa ba ta isa shiri ba. A rubuta wa masu kula da gidan tukwanen, wannan ladabi ne, amma lalle malami ɗaya ya je da ƙafarsa mako biyu kafin tafiya. Wurin sana'a ba kamar dutse ba ne da kullum yana nan yadda ya ke. Ya kan yi zamani ana aiki, ya kan yi zamani ya lafa, wanda ke riƙe da mabuɗi kuma ya yiwu ya yi tafiya. Mai leƙen nan ya gano wa zai karɓe ku, ko akwai mai yin gini a ranar, ko za a bar yara su matsa kusa da tanderu da keke, ina ruwan sha, ina makewayi. Ya kuma shirya wuri na biyu. Ƙauyen Ushafa, kusa da Bwari, yana da wurin ginin tukwane inda mata ke aiki da hannu, nan ne aka kai Shugaban Amurka Bil Kilinton a 2000. Kwali ita kanta tana kudu, ta yi nisa da Suleja da Ushafa duka, kada a haɗa uku rana ɗaya. In da ni ne, sai in kai yara Suleja da safe su ga tanderu da keke, da azahar kuma su zauna gaban maginiya ɗaya awa biyu cur. Wuri biyu sun isa.

A faɗa wa yara tun a gida cewa da yawa daga cikin manyan randunan Ladi suna ƙasashen waje, a gidajen kayan tarihi na Landan da Washintan da hannun masu tara kayan ado. In ba a faɗa musu ba za su shiga suna neman abin da suka gani a hoto, su fito da fushi. Amma in aka nuna musu wani abu daga cikin tsofaffin kayan wurin, su roƙi a juya musu gindinsa. Magina na makarantar kowa yana da hatiminsa da ya ke dannawa a ɗanyen yumɓu. Nata haruffa biyu ne, L da K, a kan same shi tare da hatimin wurin, mai sunan Abuja da rubutun ajami.

Batun kuɗi, ku mai da shi darasin lissafi, yara su yi da kansu a allo: kuɗin shata da na abinci da na masauki, a raba bisa yawan masu tafiya, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba, kamar facin taya. Abu biyu ne masu shiri kan manta. Na ɗaya, ladan maginiya. Matar da ta zauna da yara talatin rabin yini ta yi hasarar aikin rabin yini, “mun gode” kuwa ba ta sayen gishiri. A yi magana da ita a fili tun ran leƙe, a san abin da za a ba ta. Na biyu, kuɗin sayen tukwane biyu ko uku na makaranta, ɗaya mai ƙyalli, sauran na gargajiya. A naɗe su da ciyawa a sa cikin kwali, na takarda fa, ba garin ba. Bayan an komo a karanta wa iyaye lissafin duka har kwabo na ƙarshe. Malamin da ya yi haka bana, baɗi ba zai sha wuyar tara kuɗi ba. Takardar yardar iyaye, da jerin sunayen yara, da akwatin magani, da malama mace saboda 'yan mata, waɗannan kun riga kun san su daga darasin tafiyar da makaranta.

A ƙauye ba a faɗawa gidan mutane da yara talatin kamar fara. A fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa ku da ɗan rakiya. A koya wa yara tun a mota cewa mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su da bakinsu Gbagyi ko Gbari su ke ce wa kansu. Yaranmu ba za su sha wuyar gane wannan ba, tun da mun san bambancin a ce Kaje da a ce Bajju, ko a ce Jaba da a ce Ham. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi. Kada yaro ya taɓa tukunyar da ke shanya, domin ɗanyen gini yana kama da busasshe, yatsa ɗaya kuwa ya isa ya ɓata aikin kwana biyu. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, biyar ko shida, kowace da abin da za ta komo da shi: waɗannan su bi labarin yumɓu daga rami zuwa curi, waɗancan su zana kayan aiki su rubuta sunayensu da harshen masu wurin, waɗansu su kwafi zanen dabbobi, waɗansu su tambayi batun wuta da farashi. Malami kuwa ya kame bakinsa. Wannan shi ne abu mafi wuya gare mu, mun saba mu ne masu bayani. Ranar nan maginiya ce malama, kai ɗan rakiya ne. In ta yi shiru tana aiki, a bar ta, yara su kalli hannunta.

In an komo, kada a ce wa yara su rubuta “Tafiyarmu Abuja”, za ku sami labarin lemo da facin taya sau talatin. A cika tulun gargajiya da ruwa, a cika mai ƙyallin, a cika bokitin roba, a ajiye su wuri ɗaya a inuwa inda iska ke bi. Kullum da ƙarfe goma sha biyu yara su auna zafin ruwan kowanne da ma'aunin zafi, su rubuta, har mako guda. Da rani, iska a bushe, bambancin zai fito sarai. Daga nan a ba su labarin Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Yara su gwada nasu da tumatir da yalo.

Sa'an nan a koma wurin Mama ta kusa da gida, a kai mata ɗaya daga cikin tukwanen da aka sayo ta duba, za ta ga abin da ku ba ku gani ba. A roƙe ta ta sa kaskon yaran cikin toyinta na gaba. Da yawa za su fashe. Kada a zubar da tsingaron, kowane yaro ya ɗauki nasa ya kai mata, ita za ta gaya masa ko bai bushe ba ne, ko iska ta maƙale a cikin yumɓun, ko kuwa gindin ya fi bakin kauri.